INJIN SASSAƘA MAI KWAMFUTA DA SANA'AR DASA KATAKO CIKIN KATAKO

Daga Wakilinmu

Duk ma'aikacin da ya taɓa halartar bikin sallamar wani babba da ya yi ritaya ya san irin allon girmamawar da akan miƙa a ranar, watau katako mai sheƙi da sunan mai ritaya da tambarin ma'aikatarsa. Galibi da fenti akan rubuta sunan, ko kuwa a liƙa haruffan roba da gam. Kafin a daɗe fentin ya dushe, haruffan sun soma ɓamɓarewa ɗaya bayan ɗaya, sai allon ya koma bayan kabad.

Amma akwai wani irin aiki wanda ba ya dushewa. Akan fafe gurbi a jikin katako mai duhu daidai da siffar harafi ko zane, sa'an nan a yanko wannan siffa daga farin katako a cusa ta ciki, a goge su tare har su zama fuska ɗaya. In aikin ya yi kyau, mutum zai shafa da ɗan yatsa bai ji inda katako biyun suka haɗu ba. Wannan shi ne dashen katako. A yau ana yin sa da injin sassaƙa wanda kwamfuta ke sarrafawa, abin da masu sana'ar ke kira da haruffa uku, CNC. Mutane da yawa suna tsammanin da zarar an sayi injin, to, magana ta ƙare. Wannan kuskure ne mai cin kuɗi, domin kuwa kyaun dashe yana rataye ne a kan wata 'yar rata wadda ba ta fi kaurin takarda ba, kuma injin ba ya sanin yadda zai yi da ita sai an gaya masa.

SANA'A CE MAI TARIHI

Dashen katako ya girmi injin da dubban shekaru. Lokacin da Howard Carter ya gano kabarin Fir'auna Tutankamun a Masar cikin 1922, an sami akwatuna da kujeru waɗanda aka dasa wa hauren giwa da baƙin katako. A ƙasashen Musulmi kuma sana'ar ta kai matuƙa wajen ƙera mumbari. Misali shi ne mumbarin da ya daɗe a masallacin Kutubiyya na birnin Marrakesh a Maroko, wanda aka fara ƙera shi a Ƙurɗuba ta Andalus cikin 1137 bisa umarnin Sarkin Murabiɗai Ali ɗan Yusuf. Tsayinsa ya kusa mita 4, an kuma lulluɓe jikinsa da ƙananan gutsattsarin katako iri iri da ƙashi, kowanne an yanka shi da hannu an zaunar da shi a gurbinsa.

A Faransa, André-Charles Boulle, wanda ya rayu daga 1642 zuwa 1732 yana yi wa Sarki Luwi na 14 kayan ɗaki, ya shahara da wata dabara. Yakan ɗora falle biyu, ɗaya na tagulla ɗaya na ƙoƙon kunkurun teku, ya yanka su tare da siririn zarto, sa'an nan abin da ya fita daga wannan ya shiga gurbin wancan. Duk da haka rata takan rage daidai kaurin bakin zarton, sai an cike ta. Daga baya masu aikin suka gane cewa in aka ɗan karkata zarton, gefen yankan zai fito a jirkice, gutsuren sama ya zauna cikin na ƙasa ya toshe ratar da kansa. Mai karatu ya riƙe wannan dabara, domin za mu sake gamuwa da ita.

YADDA INJIN YA SAMU

Asalin injin daga masana'antar jiragen sama yake. A ƙarshen shekarun 1940 wani Ba'amurke mai suna John Parsons, wanda ke ƙera fikafikan jirgi mai saukar ungulu a Jihar Mishigan, ya kawo shawarar a riƙa ba injin yanka ƙarfe umarni da lambobi maimakon hannun ma'aikaci. Rundunar sojan sama ta Amurka ta ba da kuɗi, Cibiyar Fasaha ta Masacusets, watau MIT, ta nuna injin farko cikin 1952, yana karanta umarninsa daga doguwar takarda mai huje-huje. Shekaru da dama manyan masana'antu kaɗai ke iya sayen irinsa. Sai cikin 1996 kamfanin ShopBot a Jihar Karolina ta Arewa ya soma sayar da wanda ƙaramin kafinta zai iya mallaka, kuma tun daga 2009 aka sami manhajar Grbl ta kyauta, wadda ta sa ɗalibi ma yana iya harhaɗa ƙaramin injin da kansa.

Fasalin injin ba shi da wuyar fahimta. Akwai tebur inda ake ɗaure katako. A samansa akwai gada mai tafiya gaba da baya, a jikin gadar kuma akwai moto mai tafiya dama da hagu, yana hawa yana sauka. A bakin moton ake ɗaura ɗan ƙarfe mai kaifi, wanda za mu kira haƙori, yana juyawa sau 10,000 zuwa 24,000 a minti ɗaya. Mai aiki yakan zana abin da yake so a kwamfuta, manhaja ta mayar da zanen jerin umarni. In injin ya karanta G1 X50 Y20 Z-2, ma'anarsa ita ce ya tafi a miƙe zuwa milimita 50 ta gefe, 20 ta gaba, haƙorin yana nutse milimita 2 cikin katako. Dubban irin waɗannan layuka ne ke fitar da harafi ɗaya.

HANYA TA FARKO DA MATSALARTA

Hanyar da kowa ke fara tunani ita ce a yi amfani da haƙori miƙaƙƙe, a fafe gurbi mai bango a tsaye, a yanko ɗan dashe mai gefe a tsaye, a tura wannan cikin wancan. Matsala ta farko ita ce haƙorin zagayayye ne, saboda haka ba ya iya fitar da kusurwa mai tsini daga ciki. Haƙori mai kaurin milimita 3 zai bar kowace kusurwar gurbi da lanƙwasa ta milimita 1.5, alhali kuwa ɗan dashen ya fito da tsininsa. Ba zai shiga ba sai an dushe tsinin tun a zane, wannan kuwa yana ɓata siraran haruffa.

Matsala ta biyu ita ce in gurbi da ɗan dashe suka zo daidai wa daida, ba za su shiga juna ba, in an tilasta da guduma katakon ya tsage. Dole a bar rata. Masu aikin sukan fara gwaji daga wajen milimita 0.1, watau kaurin takardar da ake buga wasiƙa a ofis. In ratar ta gaza, ba wurin gam. In ta zarce, sai a ga baƙin layi ya kewaye harafin, kowa ya gane aikin ɗan koyo ne.

Abin da ke sa wannan ya yi wuya shi ne injin da kansa yana da nasa kurakurai. Haƙorin da aka rubuta masa milimita 3 sau da yawa yakan gaza haka kaɗan, musamman in ya sha aiki. In bai zauna daidai tsakiyar bakin moto ba, yakan yi 'yar rawa, ya yanka fiye da kaurinsa. Siririn haƙori yakan ɗan lanƙwasa in an tura shi da sauri cikin katako mai tauri. Bel ɗin da ke jan gada yakan saki. Kowanne daga waɗannan ƙanƙani ne, amma in suka taru sai su cinye ratar gaba ɗaya. Don haka ne ƙwararru ba sa taɓa katakon aiki sai sun yanka ɗan murabba'i a guntun banza, sun auna shi da ma'aunin kauri, sun gyara lissafinsu. Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai.

DABARAR RUWAN GATARI

Hanya ta biyu ita ce ta warware yawancin waɗannan matsaloli, kuma manominmu ya san sirrinta tun kaka da kakanni. Ruwan gatari yana da gindi mai tsini wanda ke shiga ramin ƙota. Ba a buƙatar ramin ya zo daidai da ƙarfen har zuwa kaurin gashi, domin kuwa duk sara ɗaya yana ƙara cusa shi ciki, yana ƙara kamewa. Ita ce kuma dabarar karkata zarto da muka ambata a baya.

A wannan hanya akan yi amfani da haƙori mai tsini kamar bakin fensir, mai kusurwar digiri 90 ko 60, wani lokaci 30 ko ƙasa da haka. Gurbin da yake fafewa yana da bango a jirkice, sama da faɗi ƙasa a tsuke. In ya zo kusurwa, injin yana ɗaga shi sannu sannu yana matsawa, har tsininsa ya fito daidai bakin kusurwar, saboda haka kusurwa takan fito da kaifinta. Da wannan haƙori ɗin dai akan sassaƙa ɗan dashe a wani katako dabam, sai dai a nan abin da ke kewaye da zanen ake cirewa, zanen ya rage a tsaye kamar hatimi. Kamfanin Vectric na Ingila, mai manhajar VCarve, yana cikin waɗanda suka sa hanyar ta yaɗu, amma ana iya yin ta da wasu manhajojin.

Lambobi uku ne ke riƙe da aikin. Bari mu ɗauki misali. A fafe gurbi zurfin milimita 5. A ɗan dashe kuma a gaya wa manhaja cewa ainihin layin zanen yana milimita 4 ƙasa da fuskar katakon, sa'an nan ta ƙara fafe milimita 2 bayan haka. In an kifa ɗan dashe a kan gurbi, zai nutse milimita 4 kafin bangayen su haɗu. A ƙasa milimita 1 ya rage, nan gam zai taru. A sama kuma milimita 2 sun rage tsakanin allunan biyu, nan zarto zai bi ya raba su. Muddin waɗannan rata biyu suna nan, to, bangayen jirkitattu kaɗai ke ɗauke da matsi, kuma su ne ake so su haɗu. In ɗaya ta ɓace, watau ɗan dashe ya taɓa ƙasan gurbi ko allon sama ya zauna a kan na ƙasa, sai matsin ya tafi can, a bar rata a fuskar aiki inda ido zai gani.

Ɗalibin da ya yi lissafin kusurwoyi a sakandare zai ga amfanin karatunsa a nan. Da haƙori mai digiri 60, duk nutsewar milimita 1 tana matsar da bango milimita 0.58 ta gefe. Ke nan in injin ya yi kuskuren milimita 0.1 wajen faɗaɗa gurbi, ɗan dashe zai ƙara nutsewa milimita 0.17 ne kawai ya toshe ratar, ba wanda zai sani. Da wannan lissafi kuma akan zaɓi haƙori. Layi mai faɗin milimita 2 zai sami zurfin milimita 1 da haƙori mai digiri 90, amma zai sami 1.7 da mai digiri 60. Tun da yake layin yana tsukewa ta ƙasa, duk abin da aka goge daga sama yana rage masa faɗi. Mai hannu da nauyi wajen guga yana iya shafe siraran layuka gaba ɗaya, shi ya sa ake zaɓar haƙori mai tsananin tsini in zanen yana da ƙananan abubuwa.

Bayan sassaƙa akan share ɓurɓushi da buroshi, a shafa farin gam na kafintoci a fuskokin biyu, a kifa, a matse da ƙarafan matsi ta kowane gefe daidai, a bari ya kwana. Kashegari a yanke allon sama, ko a sa injin ya cinye shi sannu a hankali, sa'an nan a goge. Sai a wannan lokaci ne zanen ke bayyana, mai aiki ya san ko ya ci ko ya faɗi.

KATAKO YANA NUMFASHI

Akwai abin da kwamfuta ba ta gani, shi ne ruwan da ke jikin katako. Katako yana shan laima daga iska, yana kuma sakinta. In laimar iska ta kai kashi 80 cikin ɗari, kamar yadda akan samu a tsakiyar damina, katako yakan riƙe ruwa wajen kashi 16 cikin ɗari na nauyinsa. In ta sauka zuwa kashi 20, kamar lokacin hunturu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, ruwan yakan koma ƙasa da kashi 5. Yayin da yake bushewa yana tsukewa ta faɗi, amma ta tsawo kusan ba ya motsi. Allo mai faɗin santimita 30 yana iya raguwa da milimita 5 ko fiye tsakanin damina da hunturu. A kwatanta wannan da ratar milimita 0.1 da ake ta fama a kanta.

Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin yawancin katakon da ake sayarwa a kasuwannin Arewa daga dazuzzukan Kudu ake kawo shi, sau da yawa bai gama bushewa ba. Wanda ya saya yau ya dasa gobe, zai ga aikinsa ya buɗe baki da zarar iskar hunturu ta kaɗa. Ƙa'ida ita ce a ajiye katakon biyu a shago ɗaya har su saba da iskar wurin, a auna ruwansu in akwai ma'auni, a kuma haɗa gurbi da ɗan dashe a ranar da aka sassaƙa su, kada a bari su kwana a rabe su lanƙwashe. Haka nan jijiyar ɗan dashe ta kwanta ta fuskar da jijiyar allon ta kwanta, domin su tsuke tare su buɗe tare. In aka gicciye su, ɗaya zai ja ɗaya ya tsaya, gam ya saki ko katako ya tsage.

Game da launi, a Amurka sukan haɗa wani katako mai duhu da suke kira walnat da wani fari mai suna mapul. Mu ma ba mu rasa namu ba: maɗaci yana da ja, malaina tana da haske, ga kawo, ga loko, ga madobiya. Ita madobiya an sare ta ba ƙaƙƙautawa ana kai wa ƙasar Sin, har aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta CITES ke ƙayyade cinikinsu daga Janairun 2017, cikin 2018 kuma aka dakatar da fitar da ita daga Nijeriya. A nan dashe yana da wata fa'ida, watau guntun katako mai tsada wanda bai fi tafin hannu ba, irin wanda ake zubarwa ko a hura wuta da shi, ya isa ya ƙawata tebur guda.

KURAKURAN DA AKA FI YI

Na farko shi ne mantawa da juya zane. Tun da yake kifa ɗan dashe za a yi, dole a sassaƙa shi a juye kamar yadda rubutu ke fitowa a madubi, ko boko ne ko ajami. Wanda ya manta ya yi asarar katako da wuni guda. Na biyu ya shafi masu rubutun Hausa: ba kowane salon haruffa na kwamfuta ke da ƙ da ɗ da ɓ ba, saboda haka a duba kafin a yanka, domin sunan mutum in ya shiga katako ba ya gyaruwa. Na uku shi ne allo wanda fuskarsa ba ta daidaita ba. In gefe ɗaya ya fi tudu, haƙori mai tsini zai fi nutsewa a can, layukan su fito da kauri dabam dabam. Akan sa injin ya fara share fuskar allon kafin komai.

Na huɗu shi ne ɗaukewar wutar lantarki ana tsakiyar aiki. Injin da ba shi da maɓallan da ke nuna masa mafarinsa, in wuta ta dawo bai san inda ya tsaya ba, kuma kuskuren rabin milimita ya isa ya lalata gurbi. Mai hankali yakan rubuta lambobin mafarin aikinsa a takarda, ya kuma tanadi janareta ko batir. Na biyar ya shafi lafiya. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke haddasa ciwon daji tun 1995, ƙurar loko kuma an san tana tayar da asma da ƙaiƙayi. Injin yana fitar da ƙura mai laushi da yawa, don haka tilas a sa injin zuƙe ƙura, da takunkumin hanci, da tabarau, da abin toshe kunne.

DARASI GA HUKUMOMI DA ƊALIBAI

Waɗanda suka yi makaranta a shekarun 1980 suna tune da tsarin 6-3-3-4 da aka fara cikin 1982. An sayo injunan koyar da sana'a daga ƙasashen waje aka rarraba wa makarantun sakandare, amma da yawa sun daɗe cikin akwatunansu saboda rashin wuta, da rashin ɗakin aiki, da rashin malaman da suka san su. Jami'in da fayil ɗin sayen injin sassaƙa ya zo teburinsa ya kamata ya tuna da wannan, ya tambaya wa zai koyar, ina za a sami haƙora in sun dushe, ina wuta, ina ma'aunai, ina wurin busar da katako. Hukumar Kula da Ilmin Fasaha ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa cikin 1977, da Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu da ke Jos, wanda aka kafa cikin 1971, su ne ke da alhakin ganin horo ya tafi tare da kayan aiki.

Akwai kuma kafintocin da ke tsoron injin zai raba su da abincinsu. Gaskiya ne yana yin a awa ɗaya abin da hannu zai kwana yana yi, kuma yana maimaita shi sau ɗari ba gajiya. Amma duk abin da muka lissafa a sama, daga zaɓen busasshen katako, da sanin kwanciyar jijiya, da yawan gam, da ƙarfin matsi, da sanin lokacin da za a daina guga, ilmin kafinta ne. Saurayin da ya iya kwamfuta bai san katako ba zai yi ta ɓarna, tsohon kafinta kuma da bai iya zane a kwamfuta ba zai tsaya kallo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kwalejojin fasaha za su yi babban aiki in suka zaunar da su biyun a benci ɗaya.

Ga ɗalibin da ya sami damar taɓa irin wannan inji, shawararmu ita ce ya fara da ƙaramin abu, kamar dagin Arewa a guntun maɗaci da malaina. In ya gama, ya raba aikin biyu da zarto ya dubi cikinsa, ya ga ko bangayen sun haɗu, ko akwai ratar gam a ƙasa, sa'an nan ya rubuta lambobin da ya yi amfani da su a littafi. Ya sake wani ya ajiye shi daga damina har hunturu ya wuce. In ya fito ba tsaga ba rata, to, lokaci ya yi da zai karɓi aikin mutane. Allah ya sa mu dace.